Murfin tanki ya ce 91, mu kuma fetur ɗaya gare mu: me mai C43 zai zuba?

"Assalamu alaikum Injiniya. Na sayi Mercedes C43 tokunbo daga Amurka, wata biyu kenan. A cikin murfin tanki an rubuta Premium, 91 mafi ƙaranci. Wani abokina ya ce man Najeriya ma 91 ne don haka kar in damu, bakanikena kuma ya ce dole in riƙa zuba busta, ruwan kwalban nan na ƙara oktan, duk shan mai, wani ma ya ce zai samo min man jirgi in riƙa haɗawa. A Gwarinpa nake zaune amma kusan duk ƙarshen wata ina hawa Jos wajen iyaye. Sannan akwai wani yaro da ke son yi mata tunin, ya ce za ta ƙara doki. Don Allah wanne zan bi, kar in kashe injin."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri ya kuma tsare hanya. In na fahimce ka da kyau damuwarka ita ce ko fetur ɗin da muke sha a gidajen mai ya kai abin da injin nan yake nema, in kuma bai kai ba da me za a cike gurbin. Ba zan ja maka rai ba: bai kai ba. Amma wannan giɓin shi kaɗai ba zai kashe maka inji ba matuƙar ka bar motar yadda kamfani ya yi ta kuma ka san yadda za ka riƙa taka ta. Cikin mutum huɗun nan da suka ba ka shawara wanda na fi jin tsoro shi ne yaron tunin, mai son sauya saitin kwamfutar motar, zan zo kansa.

91 ɗin wa?

Abokinka bai yi ƙarya ba, mudu biyu ya haɗa waɗanda ba girmansu ɗaya ba. 91 ɗin nan lambar oktan ce, wato juriyar fetur ga matsi, kuma oktan a ɗakin gwaji ake auna shi, da wani inji na musamman mai silinda ɗaya wanda ake iya ƙara masa matsi ko a rage. Akwai sinadarai biyu da aka ɗauka a matsayin ma'auni, aiso-oktan an ba shi 100 saboda yana jure matsi sosai, heftan kuma aka ba shi 0 don da an ɗan matsa shi yake kamawa da kansa. To in aka ce fetur 91 ne ana nufin juriyarsa daidai take da haɗin kashi 91 na farkon da kashi 9 na biyun, shi kenan. Sai dai gwajin iri biyu ne. Akwai RON, wanda ake yi injin na juyi 600 a minti cikin sauƙi, akwai kuma MON wanda ake yi a juyi 900 da iska mai zafi, shi ya fi tsanani, shi ya sa lambarsa takan sauko da maki takwas zuwa goma ƙasa da ta RON a fetur guda. Turai da Japan da Dubai da mu nan, RON muke faɗa. Amurka da Kanada kuma sai su tara biyun su raba biyu, abin da za ka ga an rubuta (R+M)/2 ko AKI a jikin famfonsu.

Saboda haka 87 na Amurka, wato man talakawansu da ake zuba wa Camry da Corolla, shi ne wajen 91 zuwa 92 a RON. 91 ɗinsu kuma shi ne 95 a namu lissafin, 93 ɗinsu ya doshi 98. Motarka daga Amurka ta zo, 91 ɗin da ke murfinta na Amurka ne, kenan RON 95 take nema. In ka buɗe littafin motar ma za ka ga sun rubuta lambobin biyu kusa da juna. Ƙa'idar fetur a ƙasar nan da yankin ECOWAS kuwa tana wajen RON 90 zuwa 91 ne mafi ƙaranci, wani lodin yakan fi haka wani yana daidai bakin layi, kuma kai da ka tsaya a gidan mai babu wata lamba a jikin famfo da za ta gaya maka wanne ka samu yau. Kar sunan PMS (Premium Motor Spirit) da ake kiran fetur ɗinmu ya ruɗe ka don akwai Premium a ciki, suna ne kawai na kasuwanci da aka gada, a aikace abin da muke sha daidai yake da regula na Amurka. Kenan kana ƙasa da abin da aka nema da wajen maki huɗu. Ba ƙaramin abu ba ne, ba kuma tashin duniya ba ne.

Abin da ke faruwa a cikin silinda

Mutane da yawa suna ɗauka mai oktan mai yawa ya fi ƙarfi ko ya fi tsabta ko ya fi jimawa a tanki. Ko ɗaya babu. Oktan juriya ce kawai, wato yaya man zai daure da matsi da zafi bai kama wuta da kansa ba sai wutar fulogi ta iso gare shi. Yadda ake so shi ne fistin ya taso ya matse haɗin iska da mai, fulogi ya kyasta, wuta ta tashi daga wajensa ta bazu a hankali a tsare har bangon silinda tana tura fistin ƙasa. Amma yayin da wutar ke bazuwa tana ƙara matse sauran haɗin da bai ƙone ba a can gefe tana ƙara masa zafi, in man ba shi da juriya sai wannan ragowar ta fashe gaba ɗaya lokaci guda kafin wutar ta kai gare ta, fashewar ta riƙa dukan kan fistin da bangon silinda. Wannan shi ne nokin ko finkin da makanikai ke faɗa, ƙarar nan ƙas-ƙas-ƙas da kake ji a tsohuwar mota in ta ɗauko kaya tana hawa tudu a babbar giya. Ba shi ne inji ya buga ba tukuna, amma in ya yi yawa ya daɗe can yake kaiwa, yana cinye gefen fistin, ya fasa wajen da rin ke zama, ya ƙona gaskit, wani lokaci har ya taɓa metal, wato boris ɗin karanshaf.

Me ya sa motoci irin taka suka fi buƙatar juriya? Saboda duk ƙarfin da kake alfahari da shi daga matsi ya fito. In C43 ɗinka samfurin W205 ce, injinta lita uku ne kacal, V6, amma turbo biyu ne ke cusa masa iska fiye da yadda zai iya zuƙa da kansa, kuma iskar da aka matse zafi take yi. Ga matsin fistin ga na turbo ga zafi, man da 504 za ta sha ta yi Kano ta dawo lafiya a nan sai ya gaza. Haka abin yake a BMW masu injin N55 ko B58, da Range Rover mai sufacaja, da Charger ko Challenger mai injin lita 6.4. Amma ba kowace mota mai ƙara da manyan tayoyi ba ce haka, Hemi 5.7 misali 89 na Amurka aka ba ta shawara kuma an yarda ta sha 87, Mustang GT ma tana karɓar 87 sai dai ba za ta ba ka cikakken dokinta ba. Shi ya sa nake ce wa mutane su duba littafi su ga ko an ce wajibi ne ko shawara ce, bambancin yana da girma. Ita kuwa Corolla ko ka shigo mata da 98 daga Jamus ba abin da za ta ƙara, asarar kuɗi ce zalla.

Dalilin da ya sa motarka ba ta lalace a wata biyun nan ba shi ne akwai sensa a jikin bulok ɗin injin da aikinta sauraro ne kawai. Da ta ji alamar nokin, tun kafin kunnenka ya ji, sai ta gaya wa kwamfutar motar, biren bos kamar yadda muke cewa a gareji, ita kuma ta ja taimin baya, wato ta jinkirta kyasta fulogi, in bai isa ba ta rage iskar turbo ta kuma ƙara fesa mai don ya sanyaya ciki. Ka ga kenan injin ya kare kansa, amma da kuɗinka ya kare: ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, hayaƙin da ke fita ya ƙara zafi yana dukan turbo da katalis, na'urar tace hayaƙi da ke jikin salansa. Mai mota sai ya zo ya ce Injiniya da safe motar nan tashi take kamar za ta bar ƙasa amma da rana sai ta yi nauyi, ko an taɓa min wani abu ne? Babu wanda ya taɓa, kwamfuta ce ke ja da baya saboda zafi. Kuma wannan ja da bayan yana da iyaka, akwai inda in ta kai ba ta da sauran wajen gudu. Duk hikimar riƙe irin motar nan a ƙasarmu ita ce kar ka riƙa kai ta wannan iyakar.

Zafin Abuja da hawan Jos

Oktan ɗin da inji ke nema ba lamba ce tsayayya ba, tana hawa tana sauka da yanayi. In kana tafiya a hankali a Ahmadu Bello Way ƙafarka rabin totur ma ba ta kai ba, man da bai kai 91 ba ma zai wadatar, don matsin cikin silinda kaɗan ne. Matsalar tana zuwa ne in abubuwa sun haɗu: watan Maris ko Afrilu rana ta take, ka tsaya a go-sulo na Nyanya ko AYA minti arba'in da esi a kunne, komai na cikin bonet ya ɗauki zafi har intakula ɗin da ya kamata ya sanyaya iska shi ma ya gasu, hanya na buɗewa sai ka danna totur har ƙasa don huce haushi. Wallahi wannan daƙiƙa goman ta fi wa injin wahala a kan tafiyar Kaduna gaba ɗaya. In ka fito daga cunkoso ba ta minti biyu uku tana tafiya iska na ratsa ta kafin ka nemi ƙarfi. In kana son jin daɗin motarka, da asuba ko da dare a lokacin hunturu, nan za ta ba ka abin da ka biya.

Wani abin da ban cika jin ana faɗa ba shi ne taka mota da ƙarfi alhali juyin inji yana ƙasa. Waɗannan giyoyin na zamani, naka tara ne, suna son su yi maza su haye babbar giya don tsimin mai, sai ka ga kana 1,500 a agogon juyi ka taka sosai turbo ya cika silinda fistin kuma yana tafiya a hankali, to nan ne ragowar haɗin ke samun isasshen lokacin fashewa. Injinan turbo masu fesa mai kai tsaye cikin silinda suna da wani ciwo ma na daban a daidai wannan yanayin, LSPI ake ce masa, wuta ta kama tun kafin fulogi ya kyasta, sau da yawa ɗigon bakin mai ko ɓarɓashin kabon ne ke tayar da ita, kuma sensa ba ta iya hana shi don kafin ta ji an riga an yi dukan. Bugu ɗaya mai kyau yana iya fasa fistin. Ya fi addabar ƙananan injina masu lita 1.5 da 2.0 amma ba a cire naka ba.

Wannan ya kawo mu hanyar Jos. In ka wuce Akwanga ka doshi Hawan Kibo da iyali da kaya a but, ga tirela a gabanka kana neman wuce ta, kar ka bar ta a babbar giya kana ƙara danna ƙafa. Sauke giya da hannu ko ka sa ta a sifot, juyi ya hau wajen 3,000 ko sama, inji ya yi numfashi da sauƙi. Mutane suna jin ƙarar inji ta tashi sai su ɗauka suna wahalar da shi, alhali wahalar tana wajen luguiguita shi a ƙasa. Za ka kuma ji ana cewa a Jos ba a buƙatar mai mai kyau saboda tudu. Akwai gaskiya a ciki, Jos tana wajen mita 1,200 sama da teku, iskar can ta fi ta Legas sirantaka da wajen kashi 12 cikin 100, injin da ba shi da turbo ba ya samun cika silinda sosai don haka matsinsa ya ragu, buƙatar oktan ta ragu, ƙarfi ma ya ragu. Dalilin da ya sa a jihar Kolorado ta Amurka har 85 ake sayarwa kenan. Amma taka turbo gare ta, shi kuma sai ya ƙara gudu ya cike abin da tudu ya rage, saboda haka rangwamen tudu ba naka ba ne. Abin da Jos za ta ba ka shi ne sanyi, kuma shi ma ba kaɗan ba ne, za ka ji motar ta fi sakewa a Rayfield da safe fiye da Kubwa da azahar.

Busta da man jirgi

Bakanikenka yana da niyya mai kyau amma mu yi lissafi. Tankinka ya haura lita 60 kaɗan, kwalbar busta yawanci mililita 300 ce ko ƙasa, rabin kashi ɗaya cikin ɗari na tankin kenan. A ce abin da ke cikin kwalbar toluwin ne tsantsa mai RON wajen 120, ka zuba a mai 91, abin da zai ƙaru bai kai 0.2 ba. Kafin ka tashi daga 91 zuwa 95 da toluwin sai ka zuba wajen lita takwas zuwa tara a tanki guda. Sannan akwai wayon da ke jikin kwalaben, in an rubuta yana ƙara maki huɗu ko bakwai, a lissafin da yawa daga cikinsu maki goma ne ke yin lamba ɗaya, kenan 91 ta koma 91.4 ne ba 95 ba. Bustan da ke aiki na gaske a ɗan ƙaramin adadi su ne masu ƙarfe a ciki, MMT mai manganis ko ferosin mai baƙin ƙarfe, suna iya ɗaga lamba ɗaya biyu har uku, amma tokar ƙarfen ba ta ƙonewa, in ka kwance fulogi za ka gan shi ja kamar an shafa masa jar ƙasa, tana taruwa a sensar oksijin da katalis. A ganina wannan abin ajiyewa ne a but don ranar da dole ta sa ka sha mai a wajen da ba ka yarda da shi ba, ko ranar da za ka yi doguwar tafiya cikin zafi da lodi. Duk shan mai kam a'a. Ban da haka ma kasuwar cike take da jabu, kwalba mai kyau ciki kananzir da kala, shi kuwa kananzir sauke oktan yake yi. Masu jefa kafur a tanki kuma Allah ya shirye su, toshe filta da nozul kawai yake yi.

Man jirgi ka manta da shi kwata-kwata. In na manyan jirage ne, Jet A-1, ai kananzir ne, in ka haɗa shi da fetur ka ƙara rusa ɗan oktan ɗin da kake da shi. In kuma na ƙananan jirage masu farfela ne, 100LL, gaskiya oktan ɗinsa yana da yawa amma da dalma aka ɗaga shi, ita ce dabarar da aka gano a Amurka tun 1921 aka yi shekaru ana shaƙar gubarta kafin duniya ta daina sa ta a man mota, Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe a 2021. Motarka an gina ta ne don mai marar dalma, tanki kaɗan ya isa ya kashe sensar oksijin ya toshe katalis, indomin nan da ɓarayi ke yankewa, kuma ka san nawa ne kuɗin na Mercedes. Wasu suna zancen itanol, shi kam da gaske yana da RON sama da 105 kuma kashi goma cikin ɗari yana ɗaga fetur da lamba biyu zuwa uku, amma wanda za ka samu a kasuwa da ruwa a cikinsa, in ya shiga tanki sai ya rabu ya kwanta a ƙasa inda famfo ke zuƙa. Ka tuna abin da ya faru a Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai yawan metanol, layin mai ya dawo Abuja da Legas, gareji ya cika da motoci masu lalataccen famfo da nozul. Haɗe-haɗen da ba a auna ba ƙarshensa kenan.

Yaron tunin

Abin da tunin yake yi shi ne ya ƙara iskar turbo ya tura taimin gaba, wato ya cinye sararin da kamfani ya bari don ranar zafi da ranar mugun mai, wannan sararin kuma shi ne kaɗai abin da ke riƙe da injinka yanzu. Yawancin fayilolin da yaran nan ke saukowa da su daga intanet an rubuta su ne don 93 na Amurka ko 98 na Turai, a ƙasar sanyi. Ka ɗora shi a kan 91 a Abuja a watan Afrilu. Satin farko za ka ji daɗi har ka yi masa kyauta, don da dare ake gwadawa a titin filin jirgi iska na kaɗawa. Irin waɗannan motocin in an jawo su gareji a Apo labarin kusan iri ɗaya ne, tana fizga, farin hayaƙi ko shuɗi, silinda ɗaya ba matsi, a zura kyamara a ga gefen fistin ya ɓalle, mai ita kuma ya rantse bai taɓa jin wata ƙara ba, kuma gaskiyarsa ne, motar a rufe take ruf ga kiɗa. Wasu masu tunin ɗin ma har rage jin sensar nokin suke yi don kar kwamfuta ta riƙa ja musu baya. In akwai tunin ɗin da ya dace da ƙasar nan to na ragewa ne, a rubuta wa motar taswirar da ta dace da 91, wasu masu manyan Mercedes AMG da BMW M da ke neman 98 haka ya kamata su yi. Sannan tunda tokunbo ce, sa a duba ko mai ita na farko ya riga ya yi mata a can, ana shigo da su da yawa a haka mai saye bai sani ba.

Abin da ya fi lambar muhimmanci a aikace

Tunda zaɓin lamba ba a hannunka yake ba, zaɓin gidan mai yana hannunka. Nemi babban gidan mai mai ciniki wanda tanka ke sauke masa kullum, ka riƙe guda biyu ko uku da motar ta nuna tana jin daɗinsu, ka daina yawo. Kar ka sha lokacin da tanka ke juyewa, dattin ƙasan rijiyar ne ke tasowa, da damina kuma ka kiyayi ƙananan gidajen da ruwa ke kwanciya a harabarsu. 'Yan bumburutu da jarka a rana, wannan ko janareta ina tausaya masa balle injin da nozul ɗinsa ke aiki da matsi sama da bar ɗari. Cika tanki a Abuja kafin ka kama hanya, ka sake cikawa a cikin garin Jos, ba sai ka tsaya a ƙauye ba. In ka ga gidan mai yana tallar wani fetur na musamman mai tsada tambaye su RON nawa ne a takarda, don wasu sinadarin wanke nozul kawai aka ƙara, abu ne mai amfani amma ba oktan ba ne. Kuma fetur yana tsufa, masu ajiye mota wata uku a gida sai ranar biki su fito su taka, ɓangaren man mai saurin tashi ya riga ya gudu.

Bakin mai ma yana cikin zancen nan dumu-dumu. Sa wanda ke da amincewar Mercedes 229.5 a jikin galan, in kuma ya zo da API SP, ƙa'idar da ta fito a 2020 wadda aka gwada musamman don LSPI, ya fi. Ka riƙa juye da wuri fiye da yadda kwamfutar ke faɗa, ƙurarmu da go-sulo da sulfa ɗin manmu ba irin na Turai ba ne, su tun 2009 suke kan 10 ppm, wato kashi 10 cikin miliyan, mu ECOWAS a 2020 ta sa 50. Fulogi na asali, kar a sa maka na wata mota don zaren ya shiga, fulogin da ya fi zafi da kansa yake zama garwashi. Kar kowa ya cire maka tamostat ko ya haɗa fanka kai tsaye da sunan Najeriya akwai zafi, kar a zuba ruwan famfo a lagireto, a riƙa wanke ƙurar hunturu daga gaban lagireto da na intakula. Kabon da ke taruwa a kan fistin da bawul shi ma yana ƙara wa inji buƙatar oktan, motar da ta haura kilomita 100,000 ya kamata a leƙa.

Daga nan inda nake ba zan iya ce maka injinka na cikin hatsari ko ba ya ciki ba, kuma ba bakanike a Apo ko Kugbo da zai shinshina fetur ya faɗi oktan ɗinsa, wannan aikin ɗakin gwaji ne. Abin da za a iya aunawa shi ne yadda motarka take ji da man. Samu mai sikana ta gaske wadda ke nuna bayanai mota na tafiya, ba ta goge kod kawai ba, ku fita da rana bayan inji ya yi zafi, a hanyar da babu jama'a, shi yana kallo kai kana tuƙi, a duba digiri nawa kwamfuta ke ja a kowace silinda da zafin iskar da ke shiga. A abin da na saba gani, ja na digiri ɗaya zuwa uku jefi-jefi ba komai ba ne. In duk silinda shida suna ja biyar ko fiye kuma ba sa dawowa, man ne ko zafi, canza gidan mai ku sake gwadawa bayan tanki biyu. In kuma silinda ɗaya ce tak ke ja sauran lafiya to ba ruwan fetur, a duba fulogi da koyil da nozul ɗinta. Turo min hoton abin da sikanar ta nuna da nisan da motar ta yi, sai in gaya maka ko akwai buƙatar a zura kyamara.